Kulle Fayil: Yadda Ake Hana Rige-Rigen Rubutu A Cikin Kwamfuta

Kowace ma'aikata tana da littafin da ake rubuta abin da ya gudana a cikinta. Asibiti na da rajistar masu zuwa ganin likita, makaranta na da rajistar kiran suna, dillalin hatsi a kasuwa kuma yana da littafin da yake shigar da buhunan da suka shigo da waɗanda suka fita. Kwamfuta ma tana da nata. Fayil ne da ake rubuta abubuwan da suka auku a cikinsa layi bayan layi, kowane layi ɗauke da kwanan wata da lokaci da abin da ya faru, sabon layi kuma kullum a ƙarshen fayil ɗin yake sauka. Shi za a riƙa kira fayil ɗin rajista a wannan darasi. Masu rubutu a cikinsa yawanci ƙananan shirye-shirye ne, wato gajerun jerin umarni da ake tsarawa da harsunan kwamfuta irin su Python da PHP da Perl, a ɗora wa kowanne aiki ɗaya da zai riƙa maimaitawa ba dare ba rana. Muddin shiri ɗaya ne ke rubutu, babu wata fitina. Fitinar tana tasowa ne ran da aka ba shirye-shirye biyu ko uku fayil guda, kamar a ba akawu uku littafi ɗaya, kowa da alƙalaminsa, ba tare da an faɗa musu wanda zai fara ba.

Firij a Bena

Domin a ga irin abin da ke iya salwanta, a ɗauki garin Bena da ke ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, cikin masarautar Zuru ta Jihar Kebbi. A ƙaddara wani ɗakin shan magani a can yana da firij mai aiki da hasken rana, wanda ake adana magungunan rigakafin yara a ciki. Yawancin waɗannan magunguna ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da digiri 8 a ma'aunin Salshiyos. Na shan-inna da na ƙyanda zafi ne ke karya ƙarfinsu, wasu kuwa, kamar na ciwon hanta nau'in B, daskarewa ce ke lalata su. Kwalaben kan zo da ɗan tambari mai sauya launi idan zafi ya yi musu yawa, sai dai tambarin ba ya nuna daskarewa. Akwai gwajin girgiza kwalba da ke tona asirin maganin da ya taɓa daskarewa, amma sai an yi zargi ake yin sa. Ke nan idan firij ya yi sanyi fiye da kima a wani daren hunturu, sa'an nan ya daidaita kafin gari ya waye, babu shaidar da ta rage illa abin da aka rubuta.

To, a ce an haɗa firij ɗin da wata ƙaramar kwamfuta mai shirye-shirye uku. Na farko yana lura da ma'aunin zafi, yana rubuta layi ɗaya duk lokacin da awon ya fita daga iyaka. Na biyu yana rubuta lokutan da aka buɗe ƙofar firij da kuma ƙarfin batir. Na uku kuwa mai shara ne: kowane dare da ƙarfe 3 yakan karanta fayil ɗin gaba ɗaya, ya zubar da layukan da suka wuce kwana 30, ya sake rubuta sauran a mazauninsu. Wannan shara ba ta wuce ta daƙiƙa biyu ba. Idan a cikin daƙiƙa biyun nan ne awon ya faɗi ƙasa da sifili, shiri na farko zai rubuta gargaɗinsa a ƙarshen fayil yadda ya saba. Mai shara kuma, wanda ya riga ya karanta fayil ɗin tun kafin gargaɗin ya sauka, zai juye abin da ke hannunsa a kai, gargaɗin ya ɓace. Da safe ma'aikaciya za ta ga rajista tsaf, ta yi wa yara allura da maganin da ƙarfinsa ya tafi. Kwamfutar ba za ta nuna alamar kuskure ba, domin kowane shiri ya yi daidai abin da aka umarce shi.

Tazarar da ke tsakanin dubawa da aikatawa

Tushen matsalar yana cikin yadda kwamfuta ke raba lokacinta. Akwai babban shiri mai kula da sauran, irin su Linux da Windows, wanda za a iya kira uwar manhaja. Ita ce ke ba kowane shiri ɗan lokaci, kashi kaɗan cikin dubu na daƙiƙa, sa'an nan ta tsayar da shi a duk inda ya kai, ko da kuwa a tsakiyar aiki ne, ta ba wani. Kwamfutoci da wayoyin zamanin nan ma suna da ƙwaƙwalwar lissafi fiye da ɗaya, saboda haka shirye-shirye biyu na iya gudana a lokaci ɗaya na haƙiƙa. Mai tsara shiri ba shi da ikon sanin inda za a katse shi.

Abin da mutum ke gani aiki ɗaya, a wurin kwamfuta matakai ne. A ce wani fayil yana riƙe da adadin kwalaben da suka rage a firij, kuma 100 ne a rubuce. Wani shiri zai ƙara 20 da aka kawo, wani zai cire 30 da aka yi amfani da su. Amsar da ta dace 90 ce. Amma kowannensu sai ya karanta, ya yi lissafi, sa'an nan ya rubuta. Idan na farko ya karanta 100 aka tsayar da shi, na biyu ma ya karanta 100 ya rubuta 70, na farko zai farka ya rubuta 120 a kai. Idan aka juya tsarin kuma 70 za a tarar. Haka abin yake wajen ƙara layi a ƙarshen rajista: shiri ya nemi inda ƙarshen yake, a ce harafi na 5,000, kafin ya rubuta wani ma ya nemi wurin ya sami amsa iri ɗaya, sai rubutun ɗaya ya hau kan na ɗaya. Wannan shi ne rige-rige, wato yanayin da sakamako ya dogara ga wanda ya riga wani isa, alhali babu wanda ya tsara hakan.

Mugun halin rige-rige shi ne ba ya bayyana a lokacin gwaji. Ana iya gudanar da shiri sau dubu lafiya, ya zo ya gaza a karo na gaba. Tsakanin 1985 da 1987, wata na'urar gasa ciwon daji mai suna Therac-25, ƙirar ƙasar Kanada, ta zuba wa marasa lafiya haske mai ƙuna fiye da kima a hatsari shida da aka sani a Amurka da Kanada. Binciken da Nancy Leveson da Clark Turner suka buga a 1993 ya nuna cewa ɗaya daga cikin kurakuran na rige-rige ne. Idan mai sarrafa na'urar ya gyara umarni da sauri, cikin kimanin daƙiƙa 8, wani sashen shirin ba ya ganin gyaran da ɗayan sashen ya karɓa. Sai wanda hannunsa ya saba da aikin ne ke iya irin wannan sauri, shi ya sa kuskuren ya daɗe a ɓoye. Mutum biyu da abin ya shafa a garin Tyler na Jihar Texas a 1986 sun rasu. Ranar 14 ga Agusta 2003 kuma, wuta ta ɗauke wa mutane kimanin miliyan 50 a arewa maso gabashin Amurka da yankin Ontario na Kanada. Daga cikin dalilan akwai rige-rige a shirin da ke buga ƙararrawar gargaɗi a wani ɗakin kula da lantarki a Jihar Ohio. Shirin ya sandare, ma'aikata suka shafe fiye da awa guda ba su san layukan wuta na faɗuwa ba.

Zane a kan katanga

Dabarar da ke fara zuwa wa ɗalibi ita ce a rataya alama. A gidaje da yawa, mai shiga makewayi kan rataya zane a kan katanga domin na waje ya san da mutum a ciki. Haka shiri zai duba ko akwai wani ɗan fayil da aka sa wa suna "kulle". Idan babu, sai ya ƙirƙire shi, ya yi rubutunsa a rajista, ya goge shi. Idan akwai, sai ya jira. Dabarar tana da kyau a ido, amma mai lura zai ga tsohuwar cutar ce ta sake riga, domin dubawa mataki ne, ƙirƙirawa kuma wani mataki ne dabam. Shirye-shirye biyu na iya dubawa a tare, dukansu su ga babu zane, dukansu su rataya nasu su shiga.

Ana iya toshe wannan kafa, domin uwar manhaja tana da wasu ayyuka da take yi dunƙule, waɗanda ba a katse su a tsaka. A Linux da danginta, idan aka buɗe fayil da alamomin O_CREAT da O_EXCL tare, dubawa da ƙirƙirawa sukan zama abu ɗaya: mutum ɗaya ne zai yi nasara, sauran a ce musu an riga su. Umarnin mkdir, na ƙirƙirar jakar fayiloli, shi ma haka yake. Sai dai saura wata kafar, wadda ta fi damun ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama. Idan kwamfuta ta mutu alhali shiri yana riƙe da alamar, ɗan fayil ɗin zai kwana a faifai. In wuta ta dawo, kowane shiri zai tarar da zane a katanga ya tsaya jira, mai zanen kuwa ya daɗe da barin gida. Rajista za ta tsaya cak, kuma babu mai sani sai ran da aka nemi wani bayani. Wasu kan rubuta lambar shirin da ya rataya alamar a cikin ɗan fayil ɗin domin a duba ko yana raye, amma uwar manhaja tana sake raba waɗannan lambobi, wani shiri da bai san hawa ba bai san sauka ba na iya gadon lambar mamacin.

Darasi daga jirgin ƙasa da maƙogwaro

Masu aikin jirgin ƙasa sun riga masu kwamfuta cin karo da wannan tambaya. Hanyar dogo da yawa layi ɗaya ce da jirage ke bi gaba da baya, kamar wadda ta tashi daga Zariya ta ratsa Gusau ta tsaya Ƙauran Namoda, da aka kammala a 1929. A irin wannan layi, jirage biyu ba za su shiga tsakanin tasha da tasha a tare ba. A watan Satumba na 1874, a wani wuri da ake kira Thorpe kusa da birnin Norwich na Ingila, rashin fahimtar umarni tsakanin ma'aikatan tasha ya sa an saki jirage biyu a layi ɗaya, suka yi taho-mu-gama, mutum 25 suka mutu. Bayan haka ne injiniya Edward Tyer ya ƙera wata na'ura da ya yi wa rajista a 1878. Ana ajiye na'ura a kowace tasha, a haɗa biyun da wayar lantarki, kowace na ɗauke da wasu fayafayan ƙarfe. Direba ba ya shiga layin sai da faifai a hannunsa, kuma da zarar an zare ɗaya, na'urorin biyu sukan ƙi sakin wani har sai an mayar da na farkon a ɗaya daga cikinsu. Hikimar ita ce an ɗauke hukunci daga bakin ma'aikata biyu masu iya saɓa wa juna, an damƙa shi ga alƙali ɗaya.

Masanin nan ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, shi ne ya shimfiɗa matsalar a fagen kwamfuta cikin wata gajeriyar maƙala a 1965, inda ya nuna yadda shirye-shirye da yawa za su riƙa shiga wani sashe na aiki ɗaya bayan ɗaya. Wata dabararsa da ta shahara ma sunan alamar hannun hanyar jirgin ƙasa ya ba ta, wato semafo.

Ɗalibin ilimin halittu yana ɗauke da misali mafi kusa a wuyansa. Iska da abinci hanya ɗaya suke bi a bayan baki kafin su rabu, iska ta nufi huhu, abinci ya nufi ciki. A duk lokacin da mutum zai haɗiye loma, maƙogwaro kan ɗaga sama, tantanin murya su haɗe, wani ɗan marfi na guringuntsi ya kwanta a bakin hanyar iska, numfashi kuma ya tsaya na ɗan lokaci har lomar ta wuce. Harshe ba ya leƙawa ya ga ko huhu na aiki kafin ya tura abinci. Cibiyar da ke tsara haɗiya da wadda ke tsara numfashi duka suna ƙasan ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, kuma daga can ake ba ɗaya hanya a tsayar da ɗaya. Mai surutu ko dariya da abinci a baki yana tilasta buɗe hanyar iska ne a lokacin da ya kamata ta kasance a rufe, sai ya ƙware. Iyayen da ke hana yara magana a kan akushi suna da hujja a ilimin jiki. Akwai ma wani misalin a bakin tafki: da zarar ƙwayar maniyyi ɗaya ta shiga ƙwan kwaɗo, cajin lantarkin fatar ƙwan kan sauya cikin daƙiƙoƙi, ya hana ta biyu shiga, domin ƙwan da biyu suka shiga ba ya zama talibambam mai rai. Ashe kwaɗon ruwa ya daɗe da sanin aikin kwaɗon ƙofa.

Kulle na uwar manhaja

Alƙalin da ya dace a kwamfuta ita ce uwar manhaja da kanta. Tun 1983 nau'in Unix na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya zo da wani umarni mai suna flock, wanda har yau yana nan a Linux da kwamfutocin Apple, kuma ana samun sa daga cikin Python da PHP da Perl. Shiri yakan buɗe fayil ya nemi kulle. Idan babu mai riƙe da shi, a ba shi nan take. Idan akwai, a kwantar da shi barci har mai riƙon ya saki. Kullen iri biyu ne. Akwai na tarayya, wanda masu karatu da yawa za su iya riƙewa tare, tun da karatu ba ya ɓata rubutu. Akwai kuma na kaɗaici, wanda mai rubutu ke nema, ba a ba shi sai kowa ya fita, ba a kuma ba kowa sai ya gama. Babbar falalar wannan kulle ita ce ba a faifai yake zaune ba, a cikin ƙwaƙwalwar uwar manhaja yake. Idan shiri ya mutu, ana rufe fayilolinsa, kullen ya saku da kansa. Idan wuta ta ɗauke, kullen ya tafi tare da ita.

Tsarin matakan yana da muhimmanci ƙwarai, kuma a nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. A buɗe fayil, a karɓi kulle, sa'an nan a karanta ko a nemi ƙarshen fayil, a rubuta, a tabbatar rubutun ya fita daga hannun shiri, daga nan a saki. Mai shara na firij ɗin Bena dole ya karɓi kulle tun kafin ya karanta, ya riƙe shi har ya gama mayar da rubutu. In ya kulle lokacin karatu ya saki, ya sake kullewa lokacin rubutu, tazarar tana nan yadda take. Har ila yau, a Python da PHP, buɗe fayil da harafin "w" yana share duk abin da ke ciki a daidai lokacin buɗewar, tun kafin a kai ga neman kulle. Wanda ya yi haka ya zubar da rajista yana tsaye a bakin ƙofa yana sallama. Harafin "a" ake amfani da shi wajen ƙara layi, "r+" kuma wajen gyara.

Batun fitar da rubutu daga hannun shiri yana buƙatar ƙarin bayani. Domin rage wahala, harsunan kwamfuta ba sa aika kowane harafi zuwa fayil nan take. Sukan tara rubutu a wata ma'ajiyar wucin gadi har ya kai haruffa dubu kaɗan, sa'an nan su juye. Shirin da ya saki kulle alhali layinsa na cikin wannan ma'ajiya zai juye shi daga baya, a lokacin da wani ke riƙe da fayil ɗin. Umarnin flush ne ke tilasta juyewar, saboda haka shi ke gabatar sakin kulle.

Sa'an nan a sani cewa flock kulle ne na yarjejeniya. Yana tsayar da wanda ya nemi izini ne kawai. Shirin da bai nema ba zai buɗe fayil ya yi rubutunsa, babu mai tare shi. Idan shirye-shirye biyu suna kullewa na uku ba ya yi, daidai yake da babu kulle. A Windows lamarin ya sha bamban, domin kullenta yana hana har wanda bai nema ba, abin da ya sa masu amfani da ita suka saba ganin saƙon cewa wani shiri yana riƙe da fayil.

Akwai wani tarko da ya fi waɗannan ɓoyuwa. Rajista takan yi girma, sai a sauya mata suna a ajiye, a buɗe sabuwa da tsohon sunan. Kulle kuwa a jikin fayil yake, ba a jikin suna ba. Shirin da ya buɗe tsohuwar rajista yana jiran kulle zai same shi a kan fayil ɗin da aka riga aka kawar, wani kuma ya kulle sabon, kowannensu yana zaton shi kaɗai ne a ciki. Maganin da ya fi sauƙi shi ne a keɓe wani ɗan fayil dabam, wanda ba a rubuta komai a cikinsa, kowa ya riƙa yin flock a kansa kafin ya taɓa rajista. Kada a goge wannan ɗan fayil bayan an gama. Tsabtar da ke sa mutum goge shi ita ce ke dawo da fitinar, domin wani na iya kasancewa ya riga ya buɗe shi yana jira, na uku kuma ya zo ya ƙirƙiri sabo.

Ga wanda aikinsa ƙara gajeren layi ne kawai, harafin "a" da kansa yana ba da kariya mai yawa a Linux, domin uwar manhaja takan haɗa neman ƙarshen fayil da rubutawa su zama aiki ɗaya. Sharaɗin shi ne layin ya fita a tashi ɗaya, kuma fayil ɗin ya kasance a faifan kwamfutar. Idan yana kan wata kwamfuta ce ana isa gare shi ta hanyar sadarwa irin ta NFS, wannan tabbaci ya faɗi.

Kiki-kaka

Kulle ma yana da nasa sharrin. A ce akwai fayil biyu, rajistar zafi da ta adadin kwalabe. Wani shiri ya kulle ta farko yana neman ta biyu, wani ya kulle ta biyu yana neman ta farko. Kowa na jiran ɗan'uwansa, kamar motoci biyu da suka haɗu a tsakiyar siririyar gada kowane direba ya ƙi ja da baya. Ƙa'idar kauce wa wannan ita ce kowane shiri ya riƙa karɓar kulle-kullen a jeri iri ɗaya, kuma a sa wa jira iyaka, ta yadda wanda ya jira daƙiƙa 10 bai samu ba zai janye ya rubuta kukansa a wani wuri. Ya kamata kuma riƙon ya zama gajere. Shirin da ke aika rahoto ta intanet ya kwafi abin da yake so ya saki kulle tukuna, domin a ƙauye saƙo ɗaya na iya cin mintuna, gargaɗin daskarewa kuwa yana tsaye a layi.

Irin wannan jinkiri ya taɓa faruwa a duniyar Mirrihi. Kumbon Pathfinder na Amurka ya sauka can ranar 4 ga Yuli 1997, bayan 'yan kwanaki kuma kwamfutarsa ta shiga kashe kanta tana sake tashi. Da aka bincika, sai aka tarar wani ƙaramin shiri mai tattara bayanan yanayi ne kan riƙe kulle, wasu shirye-shirye masu matsakaicin matsayi su hana shi samun lokacin ƙarasawa, babban shiri mai gaggawa kuma ya maƙale yana jiran kullen. Injiniyoyi sun maimaita matsalar a kan tagwayen kwamfutar da ke ƙasa, suka aika gyara ta rediyo, wanda ya sa mai riƙe da kulle ya riƙa aron matsayin wanda ke jiransa har ya saki.

Saboda waɗannan wahalhalu, ƙwararru da yawa sun fi son a rage masu alƙalami. A tsarin syslog, wanda Eric Allman ya ƙirƙira a shekarun 1980, shirye-shirye ba sa taɓa rajista da kansu. Sukan miƙa saƙonsu ga akawu ɗaya, shi ke rubutawa bi da bi. Idan kuma bayanan na lissafi ne irin adadin kwalabe, manhajar SQLite da Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000, wadda ke cikin kusan kowace wayar Android da iPhone, tana ɗauke wa mai tsara shiri nauyin kulle, tana kuma mayar da bayanai yadda suke idan wuta ta katse rubutu a tsaka.

Gwaji a aji

Malami na iya nuna rige-rige ko da makarantarsa ba ta da kwamfuta. Ya rubuta 0 a allo, ya fito da ɗalibai biyu, kowanne da 'yar takarda. Aikin kowannensu shi ne ya kwafi lambar da ke allo a takardarsa, ya koma kujerarsa ya ƙara 1, ya dawo ya goge ta allo ya rubuta tasa, har sau 10. Malami ne uwar manhaja: duk lokacin da ya tafa hannu, mai aiki ya sandare a inda yake, ɗayan ya ci gaba daga inda ya tsaya. Lissafi ya ce a ƙare da 20, amma idan tafin ya riƙa faɗowa tsakanin kwafa da rubutawa, allo zai nuna ƙasa da haka. A zagaye na biyu, sai a ajiye magogin allo ɗaya a kan tebur, a kafa doka cewa ba mai kwafa ko rubutu sai yana riƙe da shi, kuma ba ya ajiye shi sai ya gama duk matakan uku. Wannan karon 20 za a samu, ko yaya aka yi tafin. A zagaye na uku, malami ya aiki mai riƙe da magogin ofishin shugaban makaranta da magogin a aljihunsa, ya bar aji su tattauna abin da ya kamata ɗayan ya yi.

Inda akwai kwamfuta mai Linux, ɗalibai su rubuta ɗan shiri na Python da zai karanta lamba daga fayil, ya ƙara 1, ya mayar, har sau 1,000, sa'an nan su tayar da kwafi biyu na shirin a tare. Su maimaita gwajin sau biyar suna rubuta sakamakon kowanne a littafinsu, har da lokutan da shiri ya faɗi saboda ya tarar da fayil babu komai a ciki. Daga nan su sa fcntl.flock kafin karatu, flush kafin saki, su buɗe fayil ɗin da "r+", su sake gwadawa sau biyar, su kwatanta jerin lambobin biyu da 2,000.